Bangon Layinmu Ma Yana Da Haƙƙi

'Yan'uwana mazauna Agege. Duk sanda na bi ta ƙarƙashin gadar Falomo na ga zanen da Polly Alakija ta yi a 2017, sai bangon layinmu ya faɗo mini a rai: fastocin 'yan siyasa da zarnin fitsari. Alhali kakanninmu ne suka ƙawata gidajen Zariya da dagi! Na kawo shawarar mu yi karo-karo mu sayi fenti, samarinmu su zana da kansu. Wani dattijo ya ce hoto haramun ne. Baba, Allah Ya ja kwana, ai dagi ba shi da rai. Kuma yaron da ya sha rana yana zane ba zai bari a ɓata bangon ba. Allah Ya sa mu dace.