Hakkin Tsohon Kare a Kan Mai Shi

A ƙasar Mubi, gindin duwatsun Mandara, kare abokin aiki ne. Shi ke gadin garke da dare, shi ke gaba in mafarauta sun shiga daji, mafarautan nan da suka taimaki soja aka ƙwato garin a watan Nuwamba 2014. Amma sau da yawa, da zarar ya tsufa sankara ta kama shi, sai a kore shi bakin bola ya mutu cikin ƙudaje. Wannan kuwa butulci ne.

Alamun cutar su ne ƙari mai saurin girma, da gyambon da ya ƙi warkewa, da rama. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba ta fi kamuwa da sankarar nono. In likitan dabbobi ya ce magani ya ƙare, to, jinya ba ta ƙare ba. A shimfiɗa masa buhu a inuwa, a ajiye ruwa kusa, a ba shi abinci mai laushi, a riƙa wanke gyambon. Kada a ba shi maganin mutane irin su ibuprofen, domin yana lalata masa ciki da ƙoda.

In azaba ta tsananta, likita na da allurar da za ta hutar da shi, wasu malaman Malikiyya kuma sun halatta hutar da dabbar da aka fid da rai da ita. Hadisi ya tabbatar an gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare. Allah ya sa a gane.