DOGO: GINA HANYA DA AJI BA SHI NE ƘARSHEN AIKI BA

Garin Dogo yana kudu da birnin Damagaram, cikin gundumar Mirya, a bakin hanyar ƙasa mai lamba 11. Wanda ya taso daga Damagaram zuwa Magarya ba ya cika awa guda cikin mota sai ya iso shi. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, fatauci tsakaninta da Kano shi ne jijiyar arzikin wannan ƙasa. A yau kuwa hanyar Dogo yanki ce ta babbar hanyar ƙetare Sahara, mai tsawon kilomita wajen 4.500, wadda ta taso daga babban birnin Aljeriya, ta biyo ta Arlit, Agadas, Tanut da Damagaram, ta shiga Kano, ta dangana da Legas. Cikin shekarun 2010 an sabunta kwaltar Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, kilomita 111, da kuɗin Tarayyar Turai.

Wannan abin godiya ne, babu mai musu. Amma Dogo ba gari ɗaya ba ce. Ƙaramar hukuma ce mai ƙauyuka da rugage masu yawa, wadda ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 100.000 a cikinta, kuma akasarinsu ba a bakin kwalta suke zaune ba. Suna can cikin jigawa da fadamun Korama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu. To, a nan ne ya kamata a auna aikin gwamnati. Samun kuɗin babban aiki sabo abu ne da ƙasar Nijar ta daɗe da iyawa. Abin da ya rage shi ne ƙaramin aikin da ke isar da amfani ƙofar talaka, da kuma riƙon abin da aka riga aka gina.

Tarihi ya shaida haka. Cikin shekarun 1970 an shimfiɗa hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada. A ƙarshen waɗannan shekaru, lokacin da yuraniyom ke da daraja a kasuwar duniya, aka gina hanyar Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600. Da farashin ya faɗi cikin shekarun 1980, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, hanyoyi suka shiga lalacewa, har wadda aka yi alfahari da ita ta zama abin tsoro ga direbobi. Saboda haka ne a 1999 aka kafa asusun gyaran hanyoyi na CAFER, a 2017 kuma aka sake masa tsari ya koma FER.

Lalacewar hanya ba ƙaddara ba ce, tana da dalilai sanannu. Na farko ruwa: in magudana ta toshe da rairayi, ruwan damina sai ya kwanta gefen kwalta, ya shiga ƙarƙashinta, ya sassauta ƙasar da ke ɗauke da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da ɗan kuɗi kaɗan zai toshe bana, baɗi sai an fasa wurin duka. Na biyu nauyin kaya: masana aikin hanya sun tabbatar cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau 2, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Don haka ne ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005, ta ƙayyade tan 11,5 ga gatari ɗaya. Babbar mota ɗaya da aka yi wa lodin ganganci tana cin hanya fiye da dubban ƙananan motoci. Ma'aikacin da ya kau da kai a wurin awo, ya bar ta ta wuce, dukiyar jama'a ya sayar da araha.

Haka zancen yake ga makaranta. Ranar da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Zamanin Shugaba Seyni Kunce, ƙungiyoyin Samariya sun buga tubali sun gina azuzuwa da guminsu. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tanja Mamadu ya ƙudurta aji 1.000 kowace shekara da kuɗin da aka samu daga yafe bashi. A 2011 gwamnatin Shugaba Mahamadu Isufu ta yi alkawarin aji 2.500 a shekara. Duk da haka, a wajejen 2021 hukuma da kanta ta ƙidaya kusan aji 36.000 na zana da kara a faɗin ƙasa.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara, kuma jahar Damagaram, mai mutum fiye da miliyan 3,5 a lokacin, ita ce kan gaba wajen yawa. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da kansa. A ƙaramar hukuma mai mutum 100.000, in aka ce ɗaya cikin 6 yana cikin shekarun firamare, yara kusan 17.000 ke nan. In aka zuba 50 a kowane aji, ana bukatar aji 340. Da irin wannan ƙaruwa, sai an gina sabon aji 13 kowace shekara kafin a ce an tsaya inda ake, ba a ci gaba ba, ba a koma baya ba. Duk ajin da iska ta yaye wa kwano aka bar shi haka, an rage ɗaya daga cikin 13 ɗin nan.

Ajin kara kuwa yana cin lokacin karatu ta kai da ta gindi. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma ba a samun karan yin rumfa sai an gama girbin hatsi. Da ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni, rumfa ta jiƙe, karatu ya watse. Bayan haka ga hatsarin wuta. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara irin haka ta auku a Maraɗi, aka rasa aƙalla yara 25. Allah Ya jiƙansu. Bayan wannan, babu mai iya cewa ajin kara araha ne.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne hanya da aji igiya ɗaya ta ɗaure su. Siminti da ƙarfe da kwano da benci duka a mota suke zuwa. Ƙauyen da mota ba ta shiga sai ta kafe cikin rairayi, ɗan kwangila ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage siminti, ko ya ƙi aikin ɗungum. Mai duba gini ba ya zuwa a kan kari, sufeton makarantu haka. Malamin da zai kwana biyu a hanya don karɓo albashi, ajinsa a rufe yake kwana biyun nan. Manomin Korama da rakensa ke isa bakin kwalta a amalanke, bayan rabin yini, ribar da zai saya wa ɗiyarsa littafi ta zube a hanya. Saboda haka kilomita 10 na jar tsakuwa da kadarko ɗaya a mashigin ruwa suna iya yi wa ilimi hidimar da ta kai ta sabon aji.

Wani zai ce ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, mai fama da fari da matsalar tsaro, ba za ta iya kome a lokaci ɗaya ba. Gaskiya ne. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Tarayyar Turai da waɗansu ƙasashe sun dakatar da tallafin da suke ba baitulmali. Amma wannan hujja ce ta riƙo, ba ta sakaci ba. Mai ba da taimako yana son sabon gini da za a rubuta sunansa a kai. Ba safai yake biyan kuɗin share magudana ko canza ƙofar aji ba. Wannan nauyin ƴan ƙasa ne, kuma wanda kuɗinsa kaɗan ne shi ya fi cancanta da tattalin abin da ke hannunsa.

To, mene ne abin yi? Da farko, wajibi ne ma'aikatar gine-gine da ta ilimi su riƙa duba taswira ɗaya, a tsara hanyar karkara da makarantun da ke kanta tare. Na biyu, kada a aza tubalin wani aiki sai an rubuta kuɗin gyaransa na shekara-shekara da kuma wanda zai biya. Na uku, a saki kuɗi a kan lokaci. Rani ne lokacin gini a wannan ƙasa, daga Nuwamba zuwa Mayu. Kuɗin da ya fito a Yuli ya yi asarar shekara. Tun 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin isar da kuɗi ga ƙananan hukumomi, a Janairun 2016 kuma aka miƙa musu iko kan ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Iko ba tare da kuɗi ba kuwa, rawani ne babu doki. A Afrilun 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Nauyin da ke kan kujerar bai ragu ba, ko wane ne ke zaune a kanta.

Na huɗu, kuma shi ne mafi sauƙi: a kafa allo a bakin kowane aiki, da Hausa, boko da ajami, a rubuta adadin kuɗi, da sunan ɗan kwangila, da ranar farawa da ta gamawa. A nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci za su ci moriyar karatunsu. Su karanta allo, su ƙidaya buhunan siminti, su sanar da kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, abin da suka gani. Kada a karɓi gini a biya kuɗin ƙarshe sai kwamitin ya sa hannu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ranar aza tubali ana kiɗa, ana jawabi, manyan baƙi su koma gida. Ranar da ya kamata a yi hukunci a kan aiki ita ce bayan damina 5: shin mota tana isa ƙauyen har yanzu, kwanon ajin yana nan, yara suna ciki tun Oktoba? Jami'in da zai rubuta rahoto kan Dogo, da magidancin da zai karanta allo a bakin gini, wannan ma'auni ɗaya ya kamata su riƙe. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙon amana, amin.