Komawa Kan Keke Bayan Tsadar Fetur: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Dawo Gida Lafiya?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin Adaidaita Sahu ma ya tashi. Shi ya sa ma'aikata da ɗalibai da dama a Kano da sauran biranenmu suka kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Ta fuskar lafiya wannan alheri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Idan kana tuƙa keke minti 15 zuwa aiki, minti 15 dawowa, kwana biyar, ka cika adadin, kuma hakan na taimakawa wajen shawo kan hawan jini da ciwon suga.

Sai dai galibin titunanmu ba a ware wa mai keke nasa layin ba. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna haɗurran mota na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara a duniya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Don haka kada ka nemi hanya mafi kusa, nemi wadda motoci ba sa gudu a kanta. Gudu shi ke bambanta targaɗe da mutuwa: haɗarin rasa rai ga mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi idan gudunta ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Mai keke ma jikinsa ne garkuwarsa.

Kafin ka fara, gwada hanyar ranar da ba ka aiki, ka lura da ramuka, kwatocin da ba murfi, da wuraren da 'yan Adaidaita Sahu ke tsayawa ba zato. Layukan cikin unguwa sun fi manyan tituna irin su titin Zariya ko na Katsina aminci, ko da za su ƙara maka minti goma. Gwamma jinkiri da kwanan asibiti.

Ƙirga mahaɗu da shataletalen da ke kan hanyar, ka zaɓi mai ƙarancinsu. Inda ya zama dole, sauka ka tura keken ka tsallaka. Kada ka kutsa gefen tirela ko tifa, musamman kusa da kwana, domin direban ba ya ganinka. Ka riƙa bin hannun dama tare da motoci, ba gaba da gaba da su ba. Idan za ka kai magariba, sa fitila gaba da baya da tufafi masu haske, ka naɗe babbar riga kada ta shiga sarƙa. Hular kwano kuwa tilas ce.

Mai asma ya guji cunkoso mai hayaƙi da ƙurar hunturu, ya riƙe maganin shaƙarsa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin kada ya hau da yunwa, ya sa dabino ko alewa a aljihu. Mai ciwon zuciya ya ga likitansa tukuna. Da bazara, fita da sassafe, ka ɗauki ruwa.

Idan tsautsayi ya gitta kai ya bugu, aka ga suma, amai, ruɗewa, yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa, a tafi asibiti nan take, ko da babu rauni a waje. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Adana ta a wayarka yau. Allah ya tsare hanya.