Masallacin Birni ya faɗi, hoto ya saura

A watan Satumba na 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19. Yau mai son ganin kamanninsa sai ya nemi hoto.

Wannan ishara ce ga ɗan kasuwa da ma'aikaci mai salula a aljihu. Zanen magina a fuskar zaurukan Birni ya fi fitowa da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da rana ta karkata, inuwa ta kwanta cikinsa. Mai ɗauka ya nemi izinin maigida, ya rubuta unguwa da kwanan wata, ya wanke hoton a takarda, don salula kan ɓata. Damina ba ta jiran kowa.