Hoton Tsuntsu, Shaidar Harshe

Duk yaron da ya tashi a karkarar Matamaye ya san shamuwa, kuma ya san dawowarta kan itatuwan gari alama ce ta kusantowar damina. Amma in aka nuna masa zakaran ƙeƙuwa, ko ragon maza, ko kirinjijiya, zai iya faɗin sunansu? Da yawa daga cikin matasa, har da ɗaliban harshe, sun san waɗannan sunaye a karin magana kawai, ba su taɓa haɗa sunan da mai sunan ba. Kalmar da aka manta abin da take nufi kuwa ta kama hanyar ɓacewa. Saboda haka ya dace ɗalibin kimiyyar harshe ya ɗauki kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu a matsayin sha'awa da kuma aikin bincike.

Ƙasar Nijar tana da tsuntsaye fiye da iri 500, kuma kudancin jihar Damagaram ya samu rabo mai tsoka. Tafkin Lasuri ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2005, na Gidimuni kuma a 2019. A nan agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai suke yada zango a lokacin sanyi. Ga kuma gawon da manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka raina a gonakinsu tun daga shekarun 1980, wanda ya zame wa tsuntsaye mafaka. Ɗalibin da ya je hutu gida ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya fara aiki.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara sunayen tsuntsaye masu yawa, amma babu hoto, babu murya. Wani lokaci suna ɗaya yana rufe iri da dama, kamar tsattsewa, wadda masana halittu suka raba gida biyu da ba su da dangantaka ta kusa. Wani lokaci kuma tsuntsu ɗaya ne da suna biyu, kamar fakara da makwarwa. Ta yaya za a tantance inda kowane suna yake da gindi in ba a nuna wa masu magana tsuntsun ba? Hoto ne ke raba gardama, murya kuma ta adana karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa.

Wasu za su ce wannan sha'awar Turawa ce da masu hannu da shuni. Gaskiya ne na'urar hoto mai hangen nesa tana da tsada. Sai dai sanin tsuntsu ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa: maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi don ya kusanci namun daji ya karanci halin tsuntsun sosai, haka ma yaron da ke korar jan baki daga gero. Wayar hannu kuwa ta isa ta ɗauki balbela a bayan shanu ko hasbiya a kan soro, manhajoji irin su Merlin da eBird na jami'ar Cornell ta Amurka kuma kyauta ne. Amma manhaja sunan kimiyya da na Turai take bayarwa. Sunan Hausa yana bakin tsoho, kuma babu mai ɗauko shi sai ɗan gida.

Akwai dalilin gaggawa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta saka ungulu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, alhali a da babu mahautar da ba a ganinta. Gauraka ma ta yi wuyar gani a wuraren da aka saba jin kukanta. In tsuntsu ya ɓace, kirarinsa da tatsuniyarsa da karin maganarsa sun zama zance mara tushe. Yaron da bai taɓa ganin ungulu ba, me zai fahimta in an ce masa an yi ungulu da kan zabo?

Hanyar aikin ba ta da wuya. A ɗauki hoto daga nesa, kada a taɓa sheƙa, kuma a nemi izinin mai gona da mai gari kafin a ɗaga waya. A rubuta wuri da rana. A nuna hoton ga mutum uku dabam-dabam, manomi da makiyayi da tsohuwa, kowa shi kaɗai, a naɗi yadda ya furta sunan da abin da ya sani game da tsuntsun. Malamai kuma su karɓi irin wannan tarin a matsayin aikin kammala karatu.

A 2025 Nijar ta ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Harshen da ake son ya koyar da kimiyya a makarantu dole ne ya riƙe sunayen halittun da ke shawagi a samansa, kuma tattara su aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe tun masu sani suna raye.