GIDAN DA KA SAYA, NAKA NE KO NA GWAMNA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata na Kasuwar Gumi da Kawo da Tudun Wada da Unguwar Rimi, wannan mako maganar gida za mu yi. Kowa ya sani babu burin da ya fi zama a ran ɗan kasuwa kamar ya kwana a ɗakin da ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa idan shekara ta cika. Domin wannan buri mai tireda ke zubin adashi shekara da shekaru, dominsa mai koko ke sayar da awakinta da 'yan kunnenta. To, tambayarmu ita ce: ran da aka sallama, aka biya, aka shafa fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa, shin gidan ya zama na mai saye? A wurin mai unguwa da maƙwabta ya zama. A wurin doka kuwa da sauran magana, kuma rashin sanin wannan ya raba mutane da yawa da guminsu.

ASALIN MAGANAR

Sai mu koma baya kaɗan domin a gane. Kafin zuwan Turawa, wannan wuri ƙasar noman Gbagyi ce. Gwamna Lugga ne ya zaɓe shi, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Tun ran da aka buga turken farko aka raba garin biyu. Turawa suka yanki manyan filaye masu iska da itatuwa, watau inda ake kira Ji-ar-e, suka bar fili na yadi 440 wanda ba a gini tsakaninsu da baƙar fata, wai don tsoron sauro. Leburori da masinjoji da kukunsu aka tura su Sabon Gari da Tudun Wada da ƙauyukan gefe, kowa ya yi ta kansa.

Ƙasar ma ba a bar ta a hannun jama'a ba. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. Bayan mulkin kai, dokar 1962 ta mai da wannan iko hannun Minista. Sa'an nan ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa tsarin nan na Arewa a kan Nijeriya baki ɗaya, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada gyaranta ya yi sauƙi. Bature ya tafi, Minista ya tafi, soja ya tafi, amma linzamin yana nan a hannu ɗaya.

ABIN DA DOKA TA CE

Ga shi a taƙaice. Sashi na 1 ya ce ƙasar jiha duka amana ce a hannun Gwamna. Abin da kake da shi iznin zama ne kawai, wanda ga gidan kwana akan rubuta shekara 99 a satifiket. Sashi na 22 ya ce ba ka da ikon sayar da wannan izni ko jinginar da shi sai da yardar Gwamna. Sashi na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba ɓatacce ne. Kada wani ya ce ai gidan ubana ne tun kafin 1978, doka ba ta shafe ni ba. Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, cewa har mai tsohon gida a cikin birni sai ya nemi wannan yarda.

To jama'a, ku dubi Badarawa da Unguwar Shanu da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Rafin Guza da Rigasa. Gida nawa ne a waɗannan unguwanni aka sayar da sa hannun Gwamna? Yawancinsu awon igiya ne: mai gona ya yanka fuloti, aka rubuta takarda a falle ɗaya, shaidu suka dangwala hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi. Gida ya wuce hannu uku ko huɗu a haka. Wannan takarda tana da amfani, shaida ce cewa an biya kuɗi, amma banki ba ya karɓarta jingina, kuma ran da ta haɗu da satifiket a gaban alƙali takan sha wuya.

Saboda haka kasuwar gida biyu ce a arewacin kogin nan. Akwai ta masu satifiket, inda lauya ke bincike, banki ke ba da rance, gida ke ƙara daraja kowace shekara. Akwai kuma ta talakawa, inda ɗan kasuwa ke zuba jarinsa duka a bulo da kwano, amma ranar da kaya suka ƙone ko ciwo ya kama, ba ya iya cin bashin sisi da gidan, sai dai ya sayar da gaggawa. Mai saye kuwa, da ya ji babu takardar gwamnati, sai ya karya tayi. Bulon Malali da na Hayin Banki duk siminti ɗaya ne, takarda ce ta raba farashinsu.

RANAR DA KOGI YA ZAMA IYAKA

Akwai wani miki da dole mu taɓa. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓen Afrilu 2011, mutane suka yi ta ƙaura. Kirista suka bar Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi suka haye kudu wajen Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka baro kudu suka cika arewa. Waɗansu suka yi musayar gida da gida. Da yawa kuwa suka sayar a wulaƙance, domin mai gudun ransa ba ya cewa albarka.

Wa ya ci ribar wannan? Masu kuɗi a hannu, na kowane ɓangare, su suka tsince kangaye da arha. Talaka Musulmi da talaka Kirista duka asara suka yi, kuma har yau suna biya, domin mutum ba ya neman gida inda ya fi kusa da sana'arsa ko inda ya fi sauƙi, sai inda yake jin zai kwana da ido biyu rufe. Jama'a ta cunkushe wuri ɗaya, fili ya yi wuya, haya ta hau, har aka gangara ana gini a bakin kogi, inda ambaliyar 2003 da ta 2012 suka nuna mana abin da ruwa ke yi. Duk mai ingiza ku faɗan addini, ku tambaye shi a wace unguwa gidansa yake.

RUSAU DA TSADA

'Yan kasuwa ba sa bukatar a ba su labarin rusau. A 2019 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara aikin sabunta birni, aka faɗaɗa tituna, aka yi gadar sama a Kawo, a Maris 2020 kuma aka rushe Kasuwar Barci. Ba ma ƙin titi, ba ma ƙin kasuwa mai kyau. Amma a lura da abin da doka ta tanada: sashi na 28 ya ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashi na 29 kuma ya ce diyyar abin da aka gina ko aka shuka za a biya. Ƙasar kanta, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mai saye, ba ta cikin lissafi. Wanda kuma hukumar tsara birni ta KASUPDA ta ce ya yi gini ba izni, ko ya hau filin makaranta ko hanya, yana iya tashi hannu wofi, ko da kuwa da kuɗinsa na halal ya saya daga wani.

A 2017 gwamnatin jiha ta sa gidajen ma'aikata wajen 2,000 a gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Gwanjo kuwa kowa ya san na masu ƙarfi ne. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, yana ba da rance da ruwan kashi 6 cikin 100 ta hannun Bankin Jingina na Tarayya, amma sai da takardar mallaka sahihiya da shaidar abin da ke shigo maka kowane wata. Ina mai sayar da tumatir zai samo waɗannan? Bayan an saki Naira a Yunin 2023, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024. Gini ya gagara, saye ya gagara, sai haya, hayar ma ana neman shekara guda a dunƙule.

ABIN DA MUKE NEMA

An kafa hukumar KADGIS da dokar 2015 domin a tattara takardun ƙasa cikin kwamfuta. Wannan abu ne mai kyau, kuma mun faɗa ko da daga abokan hamayya ya fito. Amma rijista ba ta da amfani ga wanda ba shi da ƙarfin shiga cikinta. Saboda haka muna kira ga Gwamna Uba Sani da Majalisar Dokoki da waɗannan:

Na ɗaya, a bi tsofaffin unguwanni gida gida a ba su satifiket da kuɗi kaɗan, wanda za a iya biya sannu a hankali, kuma a karɓi takardar mai unguwa da shaidar maƙwabta a matsayin hujja.

Na biyu, a sa wa yardar Gwamna wa'adi. Idan kwanakin suka cika ba a amsa ba, ciniki ya tabbata. Kuɗinta kuma ga ƙaramin gida ya zama ƙayyadadde, a rubuta shi da Hausa da boko da ajami a manna a ƙofar ofis.

Na uku, kowane dillali ya yi rijista, ya riƙe lamba, a yanke la'ada a rubuce. Dillanci sana'a ce mai mutunci, amma wanda ke karɓar biyar cikin 100 a nan da biyar a can, sa'an nan ya ɗora nasa a ɓoye bisa farashin mai gida, ya ci amanar mutum biyu.

Na huɗu, kada a rushe gida ko rumfa sai an ba da sanarwa a rubuce, an saurari mai shi, an biya diyya tukuna. Wanda kuma ya yanka filin makaranta ko hanyar ruwa ya sayar, shi za a fara kamawa kafin katafila ta isa gidan wanda aka yaudara.

Na biyar, 'yan majalisarmu na tarayya su nemi a cire dokar 1978 daga tsarin mulki domin a iya gyara ta.

KAFIN NAN, KA TSARE KANKA

Gyaran doka ba yau ba ne, ciniki kuwa kullum ana yi. To ga gargaɗinmu. Kada ka yi cinikin biri a sama: ka je ka ga gidan, da damina in da hali, ka dubi alamar ruwa a jikin bango. Ka zauna da mai gida ido da ido, ka ji farashi daga bakinsa. Ka tambayi maƙwabta na dama da na hagu inda iyaka take da yadda gidan ya zo hannunsa.

In akwai satifiket, ka kai lambarsa KADGIS a bincika ko sunan ya dace, ko an jinginar, ko an soke. In babu, ka nemi jerin takardun tun daga mai gonar farko, ka sa safiyo ya auna, ka tambayi KASUPDA ko hanya za ta bi ta wurin. In gidan gado ne, nan ne rami mafi zurfi. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga takardar rabon gado ta kotu, kuma kowane magaji, har mata da wakilin marayu, ya sa hannu. Ka tuna a shari'ar Musulunci abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, yana iya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da ka saya.

Ka biya ta banki, da sunan mai gida, ka karɓi rasit. Ka ware kuɗin lauya tun farko, ya rubuta yarjejeniya, ya nemi yardar Gwamna, a juya takarda zuwa sunanka. Mai ƙyashin kuɗin lauya yau, gobe zai biya ninkinsa a zaryar kotu. Kai kuma mai sayarwa, ka faɗi aibin gidanka, kada ka karɓi kuɗin mutum biyu, kada ka miƙa takardun asali sai kuɗi sun cika.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na rassan unguwanni su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi, su rubuta sunayen masu gidajen da ba su da satifiket, layi layi, a kai ƙorafin a dunƙule. Mutum ɗaya in ya je ofis akan ce ya dawo gobe. Unguwa guda in ta je, dole a fito a saurare ta. Masu neman ƙuri'a kuwa za su dawo ƙofar gidajen nan da ba su da takarda. Ran nan ku nuna musu buƙatun nan biyar, ku ji amsa kafin ku karɓi goronsu. Allah ya ba kowane mai haya nasa, ya tsare wa mai gida gidansa. Amin.