Abin Da Zauren Gidana Ya Koya Mini Game Da Karatun Yara

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin ƙasar nan, ni da maiɗakina muka share zauren gidanmu da ke Ƙofar Dawanau, muka shimfiɗa tabarma, muka jingina ɗan baƙin allo a bango. Niyyarmu ita ce mu riƙe yaranmu biyu na 'yan makonni, kada karatunsu ya bi ruwa. Cikin ikon Allah, makonnin nan sai da suka zama shekara uku.

Tun ranar farko na sha kunya. 'Yata, wadda a lokacin take aji biyu a wata makarantar kuɗi, tana rera waƙoƙin Turanci har da rangaji, amma da na rubuta mata "kaza" a allo sai ta zuba mini ido. Ashe duk kuɗin da nake biya, hadda kurum yarinyar take yi.

Bayan sallar asuba akan ɗauki allo da tawada, kamar yadda muka taso. Da hantsi, in an karya kumallo, sai boko. Nakan ba su awa guda kafin in fita aiki. Sauran duk a wuyan mahaifiyarsu yake, ga girki ga goyo, kuma ita ce ta cancanci yabo. Kada wani ya ruɗe ka, mai karatu, aikin da wuya. Akwai ranar da ƙaramin zai miƙe a tabarma ya ce shi fa yau ba ya yi. Akwai ranar da baƙi za su yi sallama, zaure ya koma wurin gaisuwa, darasi ya watse. In zafin bazara ya tsananta kuma babu wuta, kafin sha ɗaya mun tashi. Lissafi da ƙwayar wake da murafen kwalba muka yi shi, in kuwa zan je sayen hatsi Kasuwar Dawanau sai in tafi da su, su ƙirga tiyoyi su faɗa mini canjina. Maƙwabta kuwa ba su fasa tambaya ba, wai ko kuɗin makaranta ne ya gagare ni.

Abin da muka yi daban guda ɗaya ne: da Hausa muka fara. Kafin shekara ta zagayo, yarinyar da ta kasa karanta "kaza" tana karanta wa ƙanenta Magana Jari Ce na Abubakar Imam da dare. Da muka koma kan Turanci sai ya zo mata da sauƙi, domin ta riga ta gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da ma'ana.

Wannan ne ya sa raina ya sosu a watan Nuwamba na 2025, da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke tsarin koyarwa da harshen uwa, wanda Malam Adamu Adamu ya bayyana a Nuwamban 2022. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi tsarin. To, ni dai a unguwarmu ban ga ajin da aka kai wa littafin lissafi na Hausa ba, balle malamin da aka horar a kansa. Yaya za a ɗora wa tsari laifin jarrabawa alhali bai shiga aji ba? Tun daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jarraba koyarwa da Yarbanci a Ile-Ife tsawon shekarun firamare shida, yaran kuma ba su gaza a Turanci ba.

Ba kira nake yi a kwashe yara daga makaranta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai su, kuma mu ma mun mayar da namu a 2023, don yaro na bukatar sa'o'insa, kuma ba kowane gida ke da uwa mai ilimi da sukuni ba. Kirana ga Gwamnatin Kano ne, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Makarantun firamare a hannunta suke. Ta tsaya kan koyar da karatu da lissafi da Hausa daga aji ɗaya zuwa uku, ta buga littattafan, ta kuma sa su a kasuwa da araha yadda iyaye za su saya su taimaka a gida.

Allon nan har yau yana zaure. Goyon da ake lallashi a 2020 shi ke zama gabansa yanzu da la'asar, yayarsa na riƙe da alli.